Salome: Asalin Sunan da Sarauniyar da Ta Riƙe Ƙasar Yahudiya Shekara Tara

Duk wanda ya buɗe Tsohon Alkawari da harshen Ibrananci yana neman mace mai suna Salome ba zai same ta ba. Sunan na Ibraniyawa ne tun daga tushe, amma lafazin da duniya ta sani yau bakin Girkawa ne ya gyara shi. Asalinsa Shalom ne, yana kuma da doguwar siga, Shelamtsiyon. Macen da ta fi cancanta a tuna da ita idan an ambaci sunan ita ce sarauniyar da ta mulki Yahudiya daga 76 zuwa 67 kafin miladiyya, wadda masana tarihi ke kira Salome Alekzandra. Sai dai yau in aka ce Salome, hankalin mutane yakan tafi ne ga yarinyar da ta yi rawa aka sare kan Yahaya Mai Baftisma, wato Annabi Yahaya. Wannan rashin adalci ne ga sunan, da kuma sarauniyar.

Yadda Shalom ya koma Salome

Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kuma dukansu suna gina kalma a kan baƙaƙe uku. A nan baƙaƙen su ne shin, lamed da mem, takwarorin sinun, lamun da mimun na Larabci. Ma'anar tushen ita ce cikar abu, ya zama ba giɓi ba tsaga. Daga nan aka samu shalem, cikakke, da shillem, ya biya abin da ake binsa, da shalom, zaman lafiya da lafiyar jiki da kuma gaisuwa. Sunan Shlomo, wanda muka sani da Sulaiman, daga nan yake, haka ma Abshalom ɗan Dawuda. A wajen mata, tsohuwar sigar ita ce Shelomit. Littafin Firistoci 24:11 ya ambaci Shelomit 'yar Dibri daga kabilar Dan, kuma Zarubabel yana da 'ya mai wannan suna.

Wanda ya yi karatun Larabci zai gane dangantakar da ƙa'ida biyu. Ta farko, inda Larabci ke da s, sau da yawa Ibrananci na da sh: ismu da shem wajen suna, sinnu da shen wajen haƙori, ra'asu da rosh wajen kai. Ta biyu, dogon wasalin a na Larabci yakan zama o a Ibrananci, shi ya sa lisan ya zama lashon, salam kuma ya zama shalom.

Bayan Iskandar na Makidoniya ya ci yankin a 332 kafin miladiyya, Girkanci ya zama harshen mulki da na rubutun hukuma. Girkanci ba shi da sautin sh, don haka duk sunan da ke ɗauke da shi sai a rubuta da s. Ta haka Shimon ya zama Simon, Shemu'el ya zama Samuel. Harshen kuma bai saba da sunan mace ya ƙare da m ba, akan liƙa masa ƙarshen da za a iya sarrafawa a nahawu, aka ƙara e. Shalom ya zama Salome, gaɓa uku: Sa-lo-me. Mai karanta shi da dokar rubutun Ingilishi, ya haɗiye wasalin ƙarshe ya ce Salom, ya yi kuskure.

Doguwar sigar ta fi wahalar da marubuta. Shelamtsiyon haɗin kalma biyu ne, shelam da Tsiyon, wato salamar Sihiyona, tudun da ya zama laƙabin birnin Urushalima. Harafin da ke farkon Tsiyon ɗan'uwan sadun na Larabci ne, Girkawa kuwa ba su da shi. Sai suka rubuta Salampsiyo, suka cusa p tsakanin m da s don harshe ya samu wurin takawa, kamar yadda suka mayar da Shimshon Sampson. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarki Hirudus Babba mata sunanta Salampsiyo. A littattafan malaman Yahudawa na baya kuwa, masu kwafe rubutu sun daina gane sunan, har ya riƙa fitowa a gurguje kamar Shelamtsu, Shel Tsiyon da Shalminon. A lokacin ba a sa wa rubutun Ibrananci wasulla, baƙaƙe ne zalla, sai ƙarnoni bayan haka malaman da ake kira Masoret suka ƙirƙiro ɗigo-ɗigon wasali. Harafi ɗaya ya goge, suna ya rikiɗe. Wasu masana na ganin Shalom gajartawar Shelamtsiyon ce, wasu na lissafa su a matsayin sunaye biyu 'yan uwan juna.

Hujja mafi ƙarfi kan yawan sunan daga kaburbura ta fito. Daga ƙarshen ƙarni na 1 kafin miladiyya zuwa rushe Urushalima a shekara ta 70 bayan miladiyya, masu hali a birnin suna kwantar da mamaci a ramin da aka sassaƙa cikin kogo, a bar shi kamar shekara guda, sannan dangi su dawo su tattara ƙasusuwan cikin ƙaramin akwatin farin dutse. Sau da yawa ɗan gidan ne ke karce sunan mamacin a jikin akwatin da ƙusa, rubutun a karkace, wani da Ibrananci wani da Girkanci. Masaniyar tarihi Tal Ilan ta tattara sunayen Yahudawan ƙasar daga 330 kafin miladiyya zuwa 200 bayanta, daga irin waɗannan akwatuna da takardu da littattafai. A lissafin, Maryam ce kan gaba a sunayen mata, Salome na biye, sai Shelamtsiyon, kuma ukun nan kaɗai sun kusa rabin duk matan da aka samu sunansu. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne mutane na sa wa 'ya'yansu sunayen gidan sarautar Hasmoniyawa, gidan da sarauniyar ta shiga, don a wajen maza ma Simon da Yahuza da Yohanna da Ele'azara, sunayen jaruman gidan, suna cikin waɗanda suka fi yawa.

A nan akwai ruɗanin da ya shafi mai jin Hausa. Salamatu, da gajartawarsa Salame, da Salma, ba daga Salome suka fito ba. Ta hanyar Larabci suka zo mana, tare da sallama da Musulunci. Salome ko Salomi da Kiristocin arewacin Najeriya ke sa wa 'ya'yansu ta hanyar Girkancin Sabon Alkawari ya zo. Tushen ɗaya ne, hanyoyin ne daban.

Gidan da ta shiga

Shekarun da ke tafe duk na kafin miladiyya ne, lissafinsu raguwa yake yi. A 167 wani firist mai suna Matatiyas da 'ya'yansa biyar suka yi wa Sarki Antiyokus na Huɗu na Siriya tawaye saboda ya hana addininsu. A 164 suka ƙwato Haikali, babban ɗakin ibadarsu a Urushalima, zuwa 142 ƙasar ta daina biyan Siriya haraji. Zuriyarsu, Hasmoniyawa, suka haɗa mulki da muƙamin babban firist a hannun mutum ɗaya, kuma wannan haɗin shi ne tushen rigimar da ta biyo baya. Yohanna Hirkanus ya mulki ƙasar daga 134 zuwa 104, ya bar wasiyya cewa matarsa ta riƙe mulki. Ɗansa Aristobulus na Ɗaya ya kulle uwar tasa har yunwa ta kashe ta, ya tsare ƙannensa, shi ma ya mutu bayan shekara guda. Shelamtsiyon, wato sarauniya Salome Alekzandra, ta san wannan labari sarai, ta san abin da ya sami macen da aka bar wa mulki kafin ita.

Marubucin tarihi Yosifus ya ce matar Aristobulus, wadda ya kira Salina ko Salome dangane da kwafin da aka duba, kuma Girkawa ke kira Alekzandra, ita ta buɗe kurkuku ta naɗa ƙanin mijinta Alekzanda Yannai sarki a 103. Daga wannan jimla aka gina labarin da ke yawo a littattafai da yawa, cewa ita ce ta aure shi bisa dokar auren matar ɗan'uwan da ya mutu bai bar ɗa ba. Yosifus bai faɗi haka ba, kuma akwai abu biyu da ke karya labarin. Littafin Firistoci 21:14 ya hana babban firist auren matar da mijinta ya mutu, Yannai kuwa babban firist ne. Sannan babban ɗansu, Hirkanus na Biyu, ya haura shekara 80 lokacin da Hirudus ya kashe shi a shekara ta 30, wato an haife shi tun kafin 110, Aristobulus na raye. Abin da ya fi dacewa da lissafi shi ne mata biyu ne masu sunan Girkanci ɗaya: matar Aristobulus daban, matar Yannai da ta zama sarauniya daban. Shi kansa sunan Salome Alekzandra masana na baya ne suka haɗa shi. A duk labarin mulkinta Yosifus Alekzandra yake ce mata. Sunanta na gida ya tabbata ne daga gutsattsarin takardun da aka tono a kogo na huɗu na Kumran, gefen Tekun Gishiri, inda aka rubuta Shelamtsiyon tare da sunan Hirkanus.

Yannai ya yi shekara 27 kan mulki, kusan duka a fagen yaƙi. Ya faɗaɗa ƙasar, amma ya ɓata da Farisiyawa, malaman da talakawa ke bi, masu riƙo da al'adar da aka gada baki da baki ban da rubutacciyar Attaura, masu imani da tashin matattu. Shi ya jingina da Sadukiyawa, manyan gidajen firistoci da attajirai, waɗanda rubutacciyar doka kaɗai suka yarda da ita. A wani Idin Bukkoki yana tsaye a bagadi, jama'a suka jefe shi da etrog, wani babban lemo mai kaurin ɓawo da kowa ke riƙewa a hannu a wannan idi. Yosifus ya ce ya kashe mutum 6,000 a kan haka. Yaƙin basasa na shekara shida ya biyo baya, har 'yan adawa suka gayyato Sarki Dimitiriyus na Uku daga Siriya, wanda ya ci Yannai da yaƙi kusa da Shekem wajen 88. Da ya farfaɗo, ya gicciye mutum 800 a Urushalima, ya sa aka yanka matansu da 'ya'yansu suna kallo, shi kuma yana shagali da ƙwaraƙwaransa. Mutum 8,000 suka gudu daga ƙasar a daren. Ko da alƙaluman Yosifus na da ƙari, takardun Kumran ma sun yi maganar wani zaki mai fushi da ke rataye mutane da ransu, kuma yawancin masana sun yarda Yannai ake nufi.

Ya mutu a 76 yana ɗan shekara 49, yana tsakiyar kewaye kagarar Ragaba a hayin Kogin Urdun, bayan shekara uku yana fama da zazzaɓi mai dawowa kwana uku-uku. Matarsa na da shekara 64. Shawarar da Yosifus ya ce ya ba ta a gadon mutuwa mataki uku ce: ta ɓoye wa sojoji mutuwarsa har kagarar ta faɗi, ta shiga Urushalima da nasara, sannan ta kira manyan Farisiyawa ta miƙa musu gawarsa su yi yadda suka ga dama, ta kuma yi alkawarin ba za ta yanke hukunci ba sai da su. Ta yi hakan, su kuma suka yi masa jana'iza ta girma. Ko shawarar tasa ce ko dabararta ce aka jingina wa mamaci don magoya bayansa su yi shiru, matar da ta aiwatar da ita cikin 'yan kwanaki ta san siyasa.

Shekara tara

Mace ba ta zama firist, dole a raba muƙaman biyu. Ta ba babban ɗanta Hirkanus, mutum mai sanyin hali, babban firist, ita ta riƙe sarauta. Ƙaramin, Aristobulus na Biyu, mai zafin nama kamar ubansa, ta bar shi ba muƙami. Ta dawo da dokokin Farisiyawa da surukinta Yohanna Hirkanus ya soke, aka saki fursunoni, 'yan gudun hijira suka dawo gida. Yosifus ya ce sunan sarauta ne nata, iko na Farisiyawa ne. Amma shi ɗin ne ya rubuta cewa ta ninka rundunar soja, ta ɗauki sojojin haya da yawa, har sarakunan maƙwabta suka ba ta mutanensu jingina. Wadda takobi da baitulmali ke hannunta ba za a kira ta 'yar amshin shata ba. Shari'a da harkar addini ta bar wa malamai, tsaro da hulɗa da waje ta riƙe su gam.

Gwajin da ya fi girma ya zo wajen 69, da Sarki Tigranes na Armeniya ya mamaye Siriya ya kewaye Talamayas, garin Akka na yau, a bakin iyakarta. Ba ta fita yaƙi ba. Ta aika jakadu da kyaututtuka masu tsada, ta sayi lokaci, kafin nan janar ɗin Roma Lukullus ya afka wa Armeniya, Tigranes ya juya gida. Yaƙi ɗaya da ta tura waje, wanda Aristobulus ya jagoranta zuwa Dimashƙu, bai haifar da komai ba.

Littattafan malaman Yahudawa suna tuna zamaninta a matsayin zamanin albarka. Sun ce ruwa yakan sauka a daren Laraba da daren Asabar, lokacin da mutane ke gida, har ƙwayar alkama ta kai girman ƙoda, sha'ir kamar ƙwallon zaitun, waken adas kamar dinarin zinariya. Wannan yabo ne, ba rahoton noma ba, kuma an rubuta shi ƙarnoni bayan mutuwarta. Sun kuma ce babban malamin lokacin, Shimon ben Shetah, ɗan'uwanta ne, suka jingina masa gyara a takardar aure da ake kira ketuba. Ketuba ba sadakin da ake biya ranar ɗaurin aure ba ce, bashi ne a kan miji wanda mace ke karɓa in ya sake ta ko ya mutu, zuz 200, kuɗin wancan zamani, ga budurwa, 100 ga wadda mijinta ya mutu. A da ana ware kuɗin a ajiye, to duk ranar da miji ya fusata sai ya ɗauko ya ce ta karɓa ta tafi. Gyaran shi ne miji ya juya kuɗin a sana'arsa, amma ya rubuta cewa dukiyarsa duka jingina ce ga haƙƙin matar. Saki ya yi tsada, mace kuma ta samu abin kamawa a kotu. Maganar cewa shi ya wajabta kai yara makaranta tana da rauni, don wata ruwayar ta ba Yoshuwa ben Gamla wannan aiki fiye da shekara 100 bayan haka.

Mulkin nata yana da tabo, kuma bai kamata a rufe shi ba. Farisiyawa sun nemi fansar mutum 800 ɗin nan, suka kashe Diyojinis, na hannun daman Yannai, suka ci gaba da ɗauke sauran ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta ƙyale su. Manyan hafsoshin mijinta suka zo fada da Aristobulus a gaba, suka ce ko a kare su ko a bar su su tafi. Ta raba su a kagaran ƙasar su tsare, ban da uku da dukiyarta ke ciki: Hirkaniya, Alekzandriyon da Makerus. Ta tsirar da rayukansu, amma ta damƙa makullan ƙasa a hannun mutanen ɗan da ta hana muƙami. Da ciwo ya kwantar da ita, Aristobulus ya sulale daga birni da dare, cikin kwana 15 kagara 22 suka bi shi. Dattawa suka tsare matarsa da 'ya'yansa a kagarar da ke jikin Haikali, suka zo neman umarni, ta ce musu ga soja ga kuɗi, su yi abin da suka ga ya dace. Ta rasu a 67 tana da shekara 73.

Hirkanus ya yi wata uku kacal kafin ƙaninsa ya ci shi da yaƙi kusa da Yariko. Antifata mutumin Idumiya, mahaifin Hirudus, ya zuga Hirkanus ya nemi taimakon Aritas sarkin Nabatiyawa, daga baya 'yan'uwan biyu suka kai ƙara gaban janar ɗin Roma Pompi. A 63 Pompi ya ci Haikali bayan kewaye na wata uku, ya shiga Wuri Mafi Tsarki, 'yancin da aka samu a 142 ya ƙare.

Yosifus, wanda ya rubuta babban tarihinsa wajen shekara ta 93 bayan miladiyya, ya ɗora mata laifin faɗuwar gidan, yana cewa ta yi kwaɗayin abin da bai dace da mace ba. Wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba. Ana kyautata zaton ya ɗebo labarin daga Nikolas na Dimashƙu, marubucin fadar Hirudus, wanda ba shi da dalilin yabon gidan da ubangidansa ya kawar. Roma kuma ta riga ta haɗiye Siriya a 64, da wuya Yahudiya ta tsira ko wa ke kan gado. Laifinta na gaskiya shi ne barin maganar gado a buɗe. Shi kansa Yosifus ya rufe labarinta da amincewa cewa ta riƙe al'umma cikin zaman lafiya. Mata biyu kaɗai suka taɓa mulkin ƙasar da kansu, ita da Ataliya ta ƙarni na 9 kafin miladiyya, wadda ta hau gado ta hanyar kashe 'ya'yan sarauta. Duk da haka ba a samu tsabar kuɗi ko ɗaya da aka tabbatar na ɗauke da sunanta ba, alhali na mijinta suna da yawa ƙwarai.

Sauran masu sunan

Markus 6 da Matiyu 14, inda labarin rawar yake, ba su faɗi sunan Salome ba, 'yar Hirudiya, matar Hirudus Antibas, ce kawai aka san ta da shi. Yosifus ne, a wani wuri daban yana lissafa zuriyar Hirudus, ya ce Hirudiya na da 'ya mai suna Salome, kuma bai ambaci rawa ko farantin da aka ɗora kan Yahaya ba. Ya ce Hirudus Antibas ya kashe Yahaya ne don tsoron kada wa'azinsa ya jawo tawaye, a kagarar Makerus da ke ƙasar Jodan ta yau, ɗaya daga cikin ukun da sarauniyar ta ƙi sakin makullinsu. Masu karatu na baya suka haɗa labaran biyu, masu zane da marubutan wasan kwaikwayo na Turai a ƙarshen ƙarni na 19 suka ƙara gishiri, har sunan ya zama alamar mace mai halaka maza.

Salome da Sabon Alkawari ya kira da sunanta wata ce daban. Markus 15:40 da 16:1 sun sa ta cikin matan da suka tsaya daga nesa lokacin gicciye, suka kuma sayi kayan ƙamshi suka tafi kabari da sassafe. Ita ce iyaye Kiristoci ke nufi idan suka raɗa wa 'yarsu sunan, daga ƙasar Jojiya, inda Salome Zurabishvili ta zama shugabar ƙasa a 2018, har zuwa Filato da kudancin Kaduna. Masu jin Ibrananci a yau sun fi amfani da Shlomit da Shulamit, doguwar sigar kuma suna furta ta Shlomtsiyon. Titin da ke tsakiyar Urushalima wanda Turawan mulkin Ingila suka sa wa sunan Gimbiya Mary, yanzu sunansa Shlomtsiyon HaMalka, wato Sarauniya Shlomtsiyon.